Akori-Kura Da Tirela: A Auna Kaya Kafin A Sayi Mota

Da kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗin wake da na rogo suka zo hannu, sai zancen mota ya tashi a majalisun Wagini. Haka a Batsari, haka a Ruma da Runka da Safana. Manomin da ya gaji da biyan kuɗin lodi yana so ya mallaki tasa. Ɗan kasuwar hatsi yana so ya daina jiran direban wani ranar kasuwa. Akawun da ya ajiye aiki aka ba shi kuɗin sallama, shi ma yana neman inda zai sa su, su riƙa kawo masa na cefane. Yawancinsu akori-kura su ke nufi, watau ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Kuma tun ba a saye ta ba an riga an ƙulla shawarar ɗaura mata tirela, ba irin doguwar nan ta manyan hanyoyi ba, ƙarama mai ƙafa biyu ko huɗu wadda masu walda ke haɗawa, don a ɗauki kayan mota biyu da man mota ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa zancen ya yi ƙarfi a wannan yanki. Aikin da shanun huɗa da amalanke su ke yi a da, na kwaso dami da kai taki gona, ya rasa masu yinsa a garuruwa da yawa, gama ɓarayin Dajin Rugu sun yi shekaru suna kore shanun mutane. Wanda aka raba shi da bijimai biyu ba ya gaggawar sayen wasu. Saboda haka shawarar mota da tirela ba ta da laifi ko kaɗan. Inda a ke kuskure shi ne wurin tambayar farko. Kowa aka ji, cewa ya ke, "Wane inji ya fi ƙarfi, na gas ko na fetur? Silinda nawa gare shi?" Alhali kuwa inji shi ne abin da ya kamata a tambaya daga ƙarshe. Kaya su ke faɗin irin tirelar da za a haɗa, tirela da hanya su faɗi irin motar, sa'an nan aljihu da makanikin gari su faɗi irin injin. Wanda ya fara daga inji ya faro tufka daga wutsiya.

Lissafin Buhu 25

A ɗauki misalin manomin da ya ke so ya kai buhun gero 25 daga Wagini zuwa Katsina a tafiya ɗaya. Cikakken buhu kilo 100 ne, kayansa sun tashi kilo 2,500 ke nan, watau ton biyu da rabi. Akori-kura irin Toyota Hilux da takwarorinta, Nissan da Mitsubishi da Isuzu, abin da masu ƙera su suka yarda su ɗauka bai wuce wajen ton ɗaya ba. A cikin ton ɗayan nan kuwa har da direba, har da yaron mota, har da duk wanda aka rage wa hanya. Har wa yau akwai wani nauyi da mutane ba su cika sa shi a lissafi ba, shi ne wanda wuyan tirela ke danna wa mota a wurin maɗauri. Ƙa'idarsa ita ce wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela da kayanta.

To, a ce an sa buhu 19 a tirela, kilo 1,900. Ita kanta tirelar, in mai ƙwari ce, za ta yi kilo 600. Jimla 2,500. Kashi ɗaya cikin goma, kilo 250, yana bisa bayan mota. A cire shi daga ton ɗaya, a cire kilo 150 na mutum biyu, saura 600. Ashe buhu 6 kaɗai ya rage wa bodin motar da a ke ganin za a cika shi har bisa. Lissafin ya fita daidai, buhu 25, amma babu sauran wurin ko da akuya ɗaya, kuma ya fita ne bisa sharaɗi guda, wanda shi ne gishirin maganar duka: tilas tirelar ta zama tana da birkin kanta.

A littafin kowace irin motar nan adadi biyu a ke rubutawa. Na farko, nauyin da za ta ja in tirela ba ta da birki, kilo 750 ne, har da nauyin tirelar. Na biyu, in tana da birki, ya kan tashi daga ton 2 da ɗoriya har zuwa ton 3 da rabi a sababbin masu injin gas. Dillali na biyun ya ke faɗa wa mai saye, ba ya ko ambaton na farkon. Ga shi kuwa yawancin tirelolin da a ke haɗawa a bakin kasuwa, da ƙafafun tsohuwar mota a ke yinsu, ba a kuwa haɗa birkin da kome ba. Irin wannan, in ita kanta ta yi kilo 300, buhu 4 da rabi ne halalinta. Mai karatu ya duba nawa a ke ɗora mata ranar kasuwar Batsari.

Ko ton 3 da rabin nan da a ke fahariya da shi, akwai lauje cikin naɗi. Masu ƙera mota suna da adadi na uku, watau iyakar nauyin mota da tirela da kayansu gaba ɗaya. A wasu sababbin Hilux kilo 5,850 ne. Motar kanta, mai ƙofa huɗu, ta kai kilo 2,100. In aka ja 3,500 cur, abin da ya saura wa mutane da kayan bodi kilo 250 ne. Ba a cika gaba a cika baya lokaci guda.

Wani zai ce, "Malam, wannan lissafin takarda ne. Ai ga Fijo nan ana labta mata buhu 20 ta kai Katsina ta dawo." Gaskiya ne tana kaiwa. Tun da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna cikin 1975, akori-kura 404 da 504 suka zama jakunan ƙauyukan Arewa, kuma sun yi wa manoma hidimar da ba za a manta ba. Amma a leƙa ƙarƙashin wadda ta shekara tana ɗaukar buhu 20, a ƙirga tabon walda a shasinta, a tambayi mai ita sau nawa ya sayi sifirin bana. Bugu da ƙari, kayan da ke cikin bodi suna danna tayoyin da ke da birki, su ƙara musu kama ƙasa. Kayan tirela marar birki kuwa ba su danna kome sai ingiza mota daga baya. An daina haɗa 504 a Kaduna shekara wajen ashirin ke nan. Wanda ya ke da mai lafiya ya riƙe ta ga aikin bodi, kada ya ɗaura mata ton biyu.

Tsayawa Ta Fi Tashi Wuya

Kowace mota mai rai za ta iya tayar da tirela a kan kwalta, ko da tana nishi. Tsayar da ita ne aiki. Birkin akori-kura an auna shi ne ga nauyin wajen ton 3. In aka ƙara masa ton 2 da rabi, nisan da za a ci kafin a tsaya ya kusa ninkawa, birki kuma ya yi zafi har ya daina kamawa a gangare. Gudu ya fi nauyi ma sharri. In aka ninka gudu, nisan tsayawa sau huɗu ya ke ƙaruwa. Hanyoyin wannan yanki kuwa cikin garuruwa su ke ratsawa, ga yara, ga babura, ga awaki, ga tudun rage gudu da ba a ganinsa sai an zo kansa.

Maganin ba mai wuya ba ne. Akwai irin birkin da a ke sa wa a wuyan tirela, wanda in mota ta rage gudu tirela ta ingizo ta, ingizawar nan ita ke jan waya ta kama birkin ƙafafun tirela. Ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar iska. Tun da ƙafafun tsohuwar mota da gangar birkinsu su ke zuwa, makaniki mai basira da mai walda za su iya tayar da shi. Kuɗin da za a kashe a nan bai kai ratar da ke tsakanin ƙaramin inji da babba ba, ya kuwa fi shi amfani nesa.

Maɗauri ma abin dubawa ne. A jikin shasi a ke ɗaure shi da manyan kusoshi, ta ɓangarori biyu. Wanda ya walda ƙugiya a jikin bamba ya rataya dukiyarsa a bakin gwangwani. A sa sarƙa biyu masu kauri a gicciye a ƙarƙashin wuya, don in maɗauri ya kuɓuce wuyan ya faɗa kansu, kada ya soki ƙasa. A sa fitilar birki da ta kwana a bayan tirela, ba don tsoron ma'aikatan hukumar kiyaye haɗurra kaɗai ba, don mai babur da ke biye cikin ƙurar hunturu.

Zancen jera kaya kuwa, tsofaffin masu amalanke ba su bukatar a koya musu. Tun 1928 da ma'aikatar gona ta fara koya wa manoman Arewa noman shanu, mutanen ƙasar Katsina suka san karkiya. In aka tara dami a bayan amalanke, karkiya ta kan ɗaga ta shaƙe shanu. In aka tara a gaba, ta danne musu wuya su durƙusa. Mota ma haka ta ke. Kaya sun yi baya, wuyan tirela ya ɗaga bayan mota, tayoyin baya su rasa kamu, tirela ta shiga kaɗa wutsiya hagu da dama har ta kayar da mota. Kaya sun yi gaba ƙwarai, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Kashi 6 cikin 10 na kaya a gaban ƙafafun tirela, 4 a baya, a ɗaure tamau. Dabbobi da ruwa sun fi hatsi haɗari, gama motsi su ke yi. Tankin lita 1,000 ton ɗaya ne cif, in kuwa rabinsa aka cika ya fi cikakke wahalar ja, don ruwan yana dukan gaba da baya. Shanu kuma sai an yi musu shinge a tsakani.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: ɗaura wa akori-kura bodin tarakta. An yi shi ne don ton 3 zuwa 5, a bayan tarakta mai nauyi da ke tafiyar da ba ta wuce kilomita 30 a sa'a ba.

Hanyar Gona

Daga nan sai hanya. Wanda aikinsa daga sito ne zuwa kasuwa, kwalta zuwa kwalta, mota mai ja da ƙafafun baya ta ishe shi, ta fi araha, ta fi sauƙin gyara. Amma gonakin Batsari da Safana jigawa ce, rairayi da rani, ga koramu masu yashi da a ke ratsawa, ga zaizaya a gindin duwatsu bayan ruwan Agusta. Wanda zai shiga gona da tirela ya kwaso rogo ko dankali, lalle ya nemi mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke da ƙaramar giyar nan ta biyu da a ke rubuta wa L4. Amfaninta shi ne tana ninka ƙarfin ja wajen sau biyu da rabi, mota ta tashi a hankali kamar sa, ba tare da an ƙona kuloci ba. Ƙaramin inji mai L4 zai fid da tirela daga yashin da babban inji marar ita zai tona rami ya zauna. A rage iskar taya kaɗan in za a shiga rairayi, a mayar in an hau kwalta, a kuma cire ƙafa huɗun, gama a yawancin motocin nan tafiya da ita a kan kwalta tana cin giya da taya.

Mai ƙofa biyu ta fi mai ƙofa huɗu dacewa da manomi, ko da ya ke mai ƙofa huɗun ta fi kyau a ƙofar gida. Bodinta ya fi tsawo, ita kanta ta fi sauƙi, abin da aka rage na kujeru ya koma buhu. Giyar hannu kuma ta fi otomatik kwanciyar rai a nan. Ba don otomatik ba ta ja ba, tana ja sarai, sai dai manta yana zafi in an daɗe ana ja cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40, in kuwa ta lalace sai an ɗauke ta zuwa Katsina ko Kano. Kuloci kuwa kowane gareji an san shi.

To, Yanzu Sai Inji

Adadi biyu a ke rubuta wa inji. Ɗaya ƙarfin doki, ɗaya ƙarfin murɗawa, wanda a ke aunawa da haruffan Nm. Sunan na farkon ya dace da shi, gama shi ne na gudu. Na biyun shi ne na sa, shi ke tayar da kaya daga tsaye ya hau da su tudu. Mai tirela na biyun zai duba, ya kuma duba a wane juyi inji ke bayar da shi, don ƙarfin da ba ya zuwa sai an taka mota tana kururuwa ba shi da amfani a bakin korama.

Injunan da a ke samu cikin Hilux a kasuwannin ƙasar nan kusan iri uku ne, sauran kamfanoni ma haka nasu ya kasu. Akwai na fetur mai lita 2.7, wanda a ke kira 2TR, mai ƙarfin doki wajen 160, murɗawa wajen 245, amma sai juyi ya kusa 4,000 a minti. Akwai tsohon na gas marar turbo, irin 3L da 5L. Shi 5L lita 3 ne, dokinsa bai kai 100 ba, murɗawarsa ba ta kai 200 ba, sai dai tun juyi bai wuce 2,400 ba ya ke bayar da ita duka. Sa'an nan akwai sababbin na gas masu turbo da kwamfuta: 1KD mai lita 3 yana ba da wajen 340, 1GD mai lita 2.8 da ya fito cikin 2015 yana ba da 420 zuwa 450, na bayansa har 500.

Mai karatu ya lura da abin da adadin nan ya nuna. Maganar da a ke yi a tasha cewa kowane injin gas ya fi na fetur ƙarfi ba haka ta ke ba. Tsohon na gas ƙasa ya ke da na fetur a takarda. Abin da ya fi shi da shi haƙuri ne, da ƙarancin shan mai, da tsawon rai. Zai ja ton ɗaya da rabi shekara da shekaru in ba a matsa masa ba, amma da ton biyu da rabi a baya kowane tudu sai an koma giya ta biyu, in kuma lagireto ya toshe da ƙaiƙayi, kan inji ya kan tsage da zafi.

Sabon na gas shi ne sarkin ja, babu gardama. Amma sarki ne mai tsada wurin ciyarwa. Nozul ɗinsa da matsin da ya fi na iskar taya sau ɗaruruwa ya ke fesa mai, ta ƙofofin da ba su fi kaurin gashi da yawa ba. Ɗigon ruwa, ko ƙura, ko gas ɗin da aka surka da kananzir, ya isa ya kashe su, kuɗin nozul huɗu da famfo kuwa ya kan cinye ribar kaka guda. Mutumin da zai riƙa shan mai wurin 'yan bumburutu ya nisanci wannan inji. Waɗanda aka shigo da su daga Turai ma suna da ƙarin wata matatar hayaƙi a bututun salansa, wadda ke toshewa in ana gajerun tafiye-tafiye a hankali, irin na gona zuwa gida.

Na fetur shi ne tsaka-tsaki. Yana shan mai, ba a ɓoye wannan ba: inda na gas zai sha lita 3, shi sai ya sha wajen 4, da tirela a baya kuwa kowannensu ya kan ƙara rabin abin da ya saba ko fiye. Amma ya fi araha wurin saye, ya fi yafe gurɓataccen mai, kuma da ya ke irinsa ne hukumomi da kamfanoni suka fi saye a Nijeriya, kayan gyaransa sababbi da tsofaffi suna nan tuli a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, da yawa ma ba sai an wuce Katsina ba.

Game da kuɗin mai, kada kowa ya yi lissafi da labarin da. A farkon 2023 farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, alhali gas tun cikin 2022 ya haura naira 700. A lokacin nan mai injin gas shi ne abin tausayi. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, kafin ƙarshen 2024 kuwa lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa, ratar ta tsuke. Farashi zai ci gaba da hawa da sauka, amma ma'aunin ba ya sakewa: muddin kuɗin lita 3 na gas bai kai na lita 4 na fetur ba, mai gas ke da riba a kowace tafiya. In fetur naira 900 ne, sai gas ya wuce 1,200 kafin ribar ta ƙare. Sai dai ribar ta kowace tafiya ce. Wanda zai yi Katsina ko Dawanau sau uku a mako, za ta taru ta biya masa tsadar inji. Manomin da motarsa za ta yi aiki wata uku na kaka ta kwanta, ba za ta taru ba har motar ta tsufa.

Saboda haka ga yadda abin ya kasu. Ɗan kasuwa mai tafiya kullum da ton biyu ko fiye, mai shan mai a gidan mai guda da ya amince da shi, ya sayi na gas mai turbo, ya ƙara masa matatar da ke raba ruwa da mai, ya riƙa sake filta kafin lokacinta. Manomi da akawu mai kuɗin sallama, na fetur 2.7 ko tsohon na gas mai lafiya, da tirelar da ba ta wuce ton ɗaya da rabi ba, sun fi musu rufin asiri.

Manyan motocin Amurka, irin Toyota Tundra da Ford F-150 masu silinda 8, suna jan ton 4 har 5, ana kuwa samunsu da araha wani lokaci. Arahar tana da dalili. Shan mansu ya kusa ninka na Hilux, faɗinsu ya fi burtalin gona, kayan gyara sai an aika Legas. Ita F-150 tun daga ƙirar 2015 jikinta na alminiyam ne, mai waldar bakin kasuwa ba shi da abin da zai yi mata.

Akwai wani abu kuma da littafin masu ƙera mota bai sani ba, mutumin Wagini kuwa ya sani. A wannan yanki lalacewar mota a hanya bayan la'asar ba asarar lokaci ce kawai ba. Motar da yaron makaniki zai zo a kan babur ya tayar da ita cikin sa'a guda ta fi wadda sai an kawo na'ura daga birni, ko da ta fi ta gudu. Sabuwar fara mai ƙofa huɗu kuma tana jawo idon da mai hatsi ba ya bukata. A tuna kuma da ƙarshen Agusta na 2021, sa'ad da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro, ta hana sayar da mai a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da Jibiya da wasu, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. An sassauta daga baya, amma a watannin nan wanda ya haɗa tirelar da ba ta ɗaukar kome sai shanu ya zauna, wanda tankinsa na lita 80 ke kai shi nesa kuwa ya ci gaba da aiki. A haɗa tirela mai gefen da a ke cirewa a mayar, ta ɗauki hatsi yau, taki gobe, tumaki jibi.

Wanda lissafinsa ya nuna kayansa kullum sun wuce ton biyu da rabi, ya bar zancen tirela gaba ɗaya. Kanta, watau Mitsubishi Canter da irinta, tana ɗaukar ton 3 ko fiye a bisa ƙafafunta shida, da birkin da aka yi domin haka, ba ta kuwa da wahalar juyawa a cikin kasuwa. Wanda kuma ya ƙirga ya ga tafiyarsa ta shekara ba ta wuce 20 ba, haya ta fi masa, ko su haɗu su biyar su sayi ɗaya, a rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu tun ana shiri.

Ranar Ciniki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai saye ya tafi da makanikin da zai riƙa gyara motar, ba wanda dillali ya kawo ba. A shiga ƙarƙashi da tocila a bi shasi daga gaba har baya, musamman bayan gidan direba da wurin da sifirin ke ratayuwa. In an ga walda ko tsatsa mai ɓarewa, a bar ta, kome kyan fentinta, gama wurin nan ne tirela za ta ja. A tayar da inji da sanyin safiya, kada a yarda a tarar an riga an ɗumama shi. A buɗe murfin lagireto kafin ya yi zafi, in ruwa yana kumfa ko ya gauraya da mai, kan inji ya taɓu. A duba farantin da ke jikin ƙofa ko cikin gidan inji, a karanta nauyin da aka rubuta da ido, a gwada lambar shasi da ta takardun kwastan. Tun Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motar da ta biyo ta daji daga Maraɗi ba takarda tana iya zama ta hukuma a shingen farko.

Taya ma a karanta ta. Ta ɗaukar kaya tana da harafin C ko LT, ko 8PR, a gefenta. Akwai kuma lamba huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, watau 2319 mako na 23 ne cikin 2019. Wadda ta haura shekara 6 ba ta ɗaukar ton a zafin bazara, ko da zanenta bai goge ba. A sa wa tirela taya mai girma ɗaya da ta mota, mai ramukan kusoshi iri ɗaya, don safaya guda ta yi wa duka biyun.

Sa'an nan, kafin a ƙirga kuɗi, a roƙi mai mota a ɗaura mata tirela da rabin kayan da a ke nufi, in ba tirela a sa buhu 8 a bodi. A hau tudu da ita, a tsaya a tsakiyarsa a sake tashi, a ratsa yashi, a taka birki a kilomita 40 a wurin da ba mutane, a yi tafiyar rabin sa'a ana duban allurar zafi. In mai mota ya ƙi, a yi masa godiya a duba ta gaba.